Dunƙulen Naman Sa a Tukunyar Lantarki Mai Dahuwa a Hankali: Ina Taurin Yake Fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwanakin baya aka ba ni kyautar tukunyar lantarki irin wadda ake barin abinci a ciki ya yini yana dahuwa a hankali. Na gwada dafa dunƙulen naman sa da dankalin turawa da karas, na cika ruwa har ya rufe naman, na bar shi awa shida a ƙaramin zafi. Naman ya fito da tauri, romon kuma tsararo ba ɗanɗano. Ranar Lahadi mai zuwa iyali za su taru a gidana cin abincin dare, mu takwas ne har da yara. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙorafinki guda biyu ne, taurin nama da lamin romo, kuma ko da yake a tukunya ɗaya suka faru, kowanne da musabbabinsa. Taurin ya fito ne ko dai daga sashen naman da kika saya ko kuma daga ƙarancin lokacin da kika ba shi, kuma zan nuna miki yadda za ki bambance su. Lamin romon kuwa ba sai an yi dogon bincike ba, domin ke da kanki kin faɗi dalilinsa lokacin da kika ce kin cika ruwa har ya rufe naman. Kafin mu shiga gyara, ya kamata ki san abin da wannan tukunya take iya yi da abin da ba ta iyawa, domin yawancin waɗanda suke jin haushinta suna neman ta yi musu aikin da ba nata ba ne.

Asalin tukunyar na dafa wake ne. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ya samu takardar mallakar fasaharta a shekarar 1940, kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa a 1970, sannan a 1971 aka fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot. Ƙirarta ba ta canza sosai ba tun daga lokacin: kasko ne mai kauri na tangaran a cikin gidan ƙarfe mai ɗauke da wayar zafi, da murfi mai nauyi a sama. Aikinta ɗaya ne tak, wato ta ɗaga zafin abinci sannu a hankali har ya kusa tafasa, ta riƙe shi a nan na tsawon awanni ba tare da ya kama ko ya ƙone ba. Ba ta soya abu har ya yi ja, domin duk abin da ke cikin ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Ba ta kuma ƙafar da ruwa, domin tururin da ya tashi yana taruwa a ƙarƙashin murfi ne ya sake ɗigowa ciki. Waɗannan ayyuka biyu, soyawa a farko da ƙafar da romo a ƙarshe, naki ne, a kan murhu za ki yi su, kuma su ne suke raba abincin da ake lashe faranti da wanda ake ci don kara.

Mu fara da naman, tunda nan ne maganar ta fi nauyi. Nama ya ƙunshi zaren tsoka, da kitse, da kuma wata farar jijiya mai ɗaure zaren wuri guda, wadda masana suke kiran sinadarinta kolajin. Zafi yana yi wa tsoka da jijiya aiki biyu masu saɓa wa juna. Ita tsoka, da zarar zafin cikinta ya haura digiri 60, sai ta fara tsukewa tana matse ruwan jikinta waje, kamar yadda ake matse tsumma, kuma duk daɗewar da ta yi a wuta ba ta sake shan wannan ruwan yadda yake da farko. Ita kuwa jijiya, daga wajen digiri 70 zuwa sama sai ta fara narkewa tana komawa jelatin, wato wannan abu mai danƙo da yake sa romon ƙashi ya daskare idan ya kwana a firji. Sai dai narkewar tata ba ta faruwa nan take, tana buƙatar awanni. Saboda haka laushi da damshin da ake ji a bakin mai cin irin wannan nama ba ruwan tsoka ba ne, wannan ya riga ya fita tun da rana. Narkakkiyar jijiya ce da narkakken kitse suka shiga tsakanin zaren naman suka raba shi, suka kuma jiƙa shi. Idan kin fahimci wannan, kin riga kin gane cewa naman da ba shi da jijiya da kitse a cikinsa ba shi da abin da zai cece shi.

Don haka idan kin je wurin mahauci, ki ce ya yanko miki kafaɗa, musamman ɓangaren da ke tsakanin wuya da haƙarƙari, dunƙule guda mai nauyin kilo 2. Wannan wuri ne da dabba take motsawa kullum, shi ya sa yake cike da jijiya, kuma idan kika duba yankan za ki ga fararen layuka na kitse sun ratsa jan naman ta ko'ina, ba wai a gefe kawai ba. Naman ƙirji ma yana yi, ko da yake zarensa dogaye ne kuma yakan nemi ƙarin lokaci, haka nan sha-raɓa, wadda romonta ya fi na kowane sashe danƙo. Abin da zan hana ki shi ne tsokar cinya zalla, wadda take ɗaukar ido a kan teburin mahauci saboda ba ta da kitse ko kaɗan, kuma ita ce mutane da yawa suke zaɓa idan za su yi baƙi domin suna ganin ta fi kyau. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma a wannan girki tsokar cinya ta fi dutse taurin kai, domin ƙarin haƙuri ƙara mata bushewa yake yi. Game da adadi kuwa, kada kilo 2 ya ba ki tsoro. Nama yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a dahuwa, wani lokaci fiye da haka, don haka giram 250 na ɗanye ga kowane mutum ba almubazzaranci ba ne. Tukunya mai cin lita 6 za ta ɗauke shi tare da kayan lambu.

Yanzu ki tuna yadda naman da kika dafa ya kasance a baki, domin tauri iri biyu ne. Idan yana da danƙo kamar roba, yana turjiya idan an sa wuƙa, kuma ana ganin jijiyar cikinsa fara tana nan daram, to sashen mai kyau ne, lokaci ne bai ishe shi ba, kuma da kin mayar da murfi kin ƙara masa awa biyu da ya sallama. Idan kuwa yana yankuwa amma ya bushe, yana watsewa a baki kamar zare, mai ci yana neman ruwa ya kora, to sashen ne bai dace ba, kuma babu ƙarin lokacin da zai gyara shi. Da na ji kin ce awa shida a ƙaramin zafi, zatona ya fi karkata ga na farko. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, domin wanda ya saba da gashi ko suya ya san cewa nama yana tauri ne idan ya wuce lokaci, saboda haka da ya taɓa ya ji tauri sai ya kashe wuta a guje, alhali a wannan girki taurin alama ce ta cewa ana tsakiyar tafiya.

Dunƙule mai kilo 2 yana buƙatar awa 9 zuwa 10 a ƙaramin zafi, wanda a jikin yawancin tukwanen aka rubuta masa Low, ko awa 5 zuwa 6 a babban zafi, wato High. A tukwane da yawa duka biyun wuri ɗaya suke ƙarewa, dab da tafasa, bambancinsu kawai saurin isa can ne: babban zafi yakan kai cikin awa uku zuwa huɗu, ƙarami kuwa sai ya ci awa bakwai zuwa takwas. Kin ga ke nan a awa shidan da kika ba shi, naman bai ma daɗe da shiga zafin da jijiya take narkewa ba. Ni na fi son ƙaramin zafi ga babban dunƙule, domin idan zafi ya hau da gaggawa wajen naman yakan ragargaje tun cikinsa bai gama ba. Sai dai tukwane suna da hali daban-daban, wata tana tafasa fal-fal ko a ƙaramin zafi, wata kuwa da kyar za ki ga kumfa ɗaya tana tasowa a gefe, don haka waɗannan awanni na lissafi ne, hukuncin ƙarshe na cokali mai yatsu ne, kuma zan zo kansa.

Aikin yana farawa ne tun kafin ranar Lahadi. Idan naman a firiza yake, ki sauko da shi ƙasan firji tun ranar Alhamis da dare ko safiyar Juma'a, domin dunƙule mai wannan girma yana iya cin kwana biyu kafin ya saki gaba ɗaya. Kada ki kuskura ki sa shi a tukunyar da ƙanƙararsa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma tukunyar da take ɗaga zafi a hankali za ta bar daskararren nama ya yi awanni a cikin wannan tazara, shi ya sa Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka take ba da shawarar a narkar da nama tukuna kafin a sa shi a irin wannan tukunya. Ranar Asabar da dare sai ki goge naman da tsumma mai tsabta ya bushe, ki rage kitsen waje idan ya yi kauri ainun amma kada ki kankare shi duka, ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali uku a kowane gefe, ki ɗora shi a faranti ki mayar firji. Gishirin da ya kwana a jikin nama yana ratsawa har ciki, wanda aka zuba a romo kuwa yawanci a waje yake tsayawa. Idan romon da za ki yi amfani da shi yana da gishiri ko dunƙulen ɗanɗano, ki rage zuwa cokali biyu. Albasa da karas ma kina iya yanka su a daren, ki adana su daban da naman.

Da safiyar Lahadi sai babban aiki, wanda ba ya wuce minti 25 amma shi ne rabin ɗanɗanon abincin. Ki sake goge naman ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen nama turara yake yi a kasko maimakon soyuwa. Ki ɗora kasko mai kauri a wuta mai ƙarfi, ki zuba mai babban cokali biyu, ki jira har man ya fara sheƙi yana gudu kamar ruwa idan kin karkata kaskon. Sannan ki kwantar da naman. Ya kamata ki ji ƙara mai ƙarfi nan take, idan kuwa shiru kika ji ko 'yar ƙara mai sanyi, ki ɗaga shi ki ƙara jira. Daga nan ki ƙyale shi minti huɗu zuwa biyar ba taɓawa. Da farko zai manne wa kaskon kamar an liƙa shi, kuma hannu zai yi ta ƙaiƙayin juyawa, amma idan ɓawon ya yi da kansa zai saki. Launin da ake nema ja ne mai duhu da ya doshi ruwan ƙasa, ba toka-toka ba. Ki yi wa ɗaya gefen haka, sannan ki riƙe shi a tsaye ki soya gefuna. Abin da yake faruwa a nan haɗuwa ce tsakanin sinadaran furotin da ɗan sukarin da ke jikin nama, wadda wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912, kuma ba ta kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. Ita ce take haifar da ƙamshin soyayyen nama. Ana yawan cewa wai soyawar tana toshe ƙofofin nama ne don kada ruwansa ya fita, wannan ba gaskiya ba ne, ruwan zai fita ko an soya ko ba a soya ba. Don ɗanɗano da launi ake yi, kuma wannan dalili ya isa.

Idan kin ɗauke naman za ki ga wani abu mai duhu ya kama ƙasan kaskon. Kada ki wanke shi, dukiyar girkin ke nan. Ki rage wuta, ki zuba manyan albasa biyu da aka yanka da kauri, ki riƙa juyawa har su yi laushi su fara ɗaukar launi, sai ki ƙara tafarnuwa ƙwaya biyar da aka daddaka da tumatirin gwangwani babban cokali biyu, ki soya minti biyu har jan tumatirin ya yi duhu tsaminsa ya mutu. Sannan ki zuba romon nama kofi ɗaya da rabi, wato kimanin mililita 350, ki sa cokalin katako ki kankare ƙasan kaskon tas. A gaban idonki romon zai juye daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa mai kauri, kaskon kuma ya fito kamar an wanke. Ki ƙara masoro, da ganyen bei guda biyu, da tayim ƙaramin cokali ɗaya. Busassun ganyayen ƙamshi ne suke jure doguwar dahuwa, ɗanyu irin su fasili kuwa sai an sauke ake sa su. Wani amfanin wannan mataki shi ne cewa romon da naman za su shiga tukunyar da zafinsu, wanda yake rage lokacin da abincin zai yi a tazarar nan ta hayayyafar ƙwayoyin cuta.

Na san kofi ɗaya da rabi zai yi miki kama da wasa idan kika dube shi a gindin tukunya mai lita 6. Ni ma a farkon fara aiki da irin wannan tukunya haka na gani, na ƙara ruwa buta guda don tsoron kada ya ƙone, da yamma na buɗe na tarar da nama fari fat yana iyo a cikin ruwan da ya kusa taɓa murfi, na ɗanɗana na ji kamar an wanke tukunya da shi. Abin da ban lissafa ba shi ne ruwan da ke jikin kayan. Nama ɗanye kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, albasa kuwa ta doshi kashi 90, kuma duk abin da suka saki a cikin tukunyar yake zama tunda babu ƙofar fita. Ruwan da kika zuba ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin naman, iyaka rabinsa. Sashen da ke sama tururi ne zai dafa shi, kuma zuwa yamma za ki tarar ruwan ya ninka da kansa.

Wajen jera kaya, kayan lambu ne a ƙasa, nama a sama. Mutane sukan yi mamaki idan aka ce musu dankali da karas sun fi nama jinkirin nuna a wannan tukunya, amma haka abin yake, domin abin da yake riƙe jikinsu ba ya saki sai zafi ya haura digiri 85 ko kusa da haka, kuma sun fi samun wannan zafi a ƙasa da gefuna, inda suke nutse cikin romo kusa da wayar zafi. Ki yi amfani da dankali kilo 1 da karas rabin kilo, ki yanka su manya-manya, dankali matsakaici a raba biyu kawai, karas kuma gunduwa-gunduwa mai tsawon ɗan yatsa. Dankali mai santsin ciki, wanda ba ya garin-garin idan an dafa, ya fi riƙe siffarsa. Ƙananan yanka kuwa bayan awa tara ba za ki same su ba, sun narke cikin romo. Idan tukunyarki mai zafin rai ce, ko kuma kuna son karas mai ɗan ƙarfi a haƙori, kina iya jinkirta shi ki sa bayan awa huɗu, ki tura shi ƙarƙashin romo da sauri ki rufe. Ki lura kuma kada kayan su wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar. Idan kin ga za su wuce, ki dafa dankalin daban a murhu, babu abin da zai ragu.

Bayan kin rufe, ki manta da ita. Kowace buɗewa tana zubar da tururin da aka daɗe ana tarawa, kuma tukunya mai ƙaramar wuta takan ɗauki kimanin minti 20 kafin ta mayar da abin da ta rasa. Ba a juya wannan abinci, ba ya kamawa. Wajen azahar ƙamshi zai cika gida, yara za su fara zarya, ke ma zuciyarki za ta ce ki leƙa. Murfin gilashi ne a yawancinsu, ki leƙa ta nan.

Idan awa takwas ta cika sai ki yi gwajin farko. Ki soka cokali mai yatsu a wuri mafi kauri, ki murɗa shi kaɗan. Idan ya shiga ba turjiya, naman ya buɗe ya bi murɗawar, kuma cokalin ya fito ba tare da ya ɗago dunƙulen ba, ya yi. Idan kuwa naman ya riƙe cokalin, ko kika ji yana mayar da shi, ki rufe ki ƙara minti 45 zuwa awa guda kafin ki sake dubawa. Mai ma'aunin zafi na girki zai ga cikin naman tsakanin digiri 90 da 96 a wannan lokaci, amma ma'aunin kaɗai ba ya yanke hukunci, domin nama yana iya kai wannan zafi alhali jijiyarsa ba ta gama narkewa ba. Akwai kuma wucewa. Kafaɗar da aka bari awa 12 ko fiye takan ragargaje ta zama zare-zare, duk daɗinta ya koma romo, don haka da ya yi ki mayar da tukunyar kan ɗumi ko ki sauke.

Ki ɗago naman da manyan cokula biyu, a hankali domin zai so ya rabu, ki ɗora a tire tare da kayan lambu, ki zuba masa ludayi ɗaya na romo, ki rufe ya huta minti 15 zuwa 20. A cikin wannan lokaci ne za ki yi aiki na biyu da tukunyar ba ta iya yi. Ki tace romon cikin ƙaramar tukunya, ki bar shi ya natsu minti biyar har man ya taso sama, ki kwashe shi da cokali. Zai yi yawa fiye da yadda kike zato, kuma idan aka bar shi yana danne ɗanɗano yana gundurar mai ci. Sannan ki ɗora a wuta mai ƙarfi ba murfi, ya tafasa har kashi ɗaya cikin uku ya ƙafe. Sai bayan nan ne za ki ɗanɗana gishiri, domin romon da gishirinsa ya yi daidai kafin ƙafewa zai yi yawa bayanta. Don kauri, ki dama garin sitacin masara babban cokali ɗaya ga kowane kofi na romo, a cikin ruwan sanyi kaɗan, ki tsiyaya kina juyawa, ya tafasa minti ɗaya zuwa biyu. Idan kika zuba garin kai tsaye cikin zafi gudaji zai yi. Alamar ya yi ita ce ya rufe bayan cokali, kuma idan kika ja layi da yatsa layin ya tsaya. Abu na ƙarshe, wanda da yawa ba su sani ba: ƙaramin cokali ɗaya na ruwan khal, wato binega, ko ruwan lemun tsami. Abincin da ya yini a wuta ɗanɗanonsa yakan kwanta ya yi nauyi, ɗan tsamin nan ne yake tashe shi, kuma ba wanda zai ji tsamin a baki. Idan kin ɗanɗana kin ji kamar wani abu ya rage alhali gishiri ya ji, to yawanci wannan ne.

Wajen yanka, ki duba inda zaren naman ya miƙe ki yanka a gicciye, da kaurin yatsa, da wuƙa mai kaifi. Kafaɗa tsokoki ne da dama da zarensu ya fuskanci wurare daban-daban, don haka ya fi sauƙi ki fara raba ta a inda ta rabu da kanta, ki cire guntayen kitsen da ba su narke ba, sannan ki yanka kowane sashe da nasa.

Idan ƙarfe 7 na yamma za a ci, ki fara soya naman da ƙarfe 8 na safe, tukunya ta kasance a rufe kafin 8 da rabi, gwajin farko da 4 da rabi, kuma ko da ya nemi awa goma cif za ki sauke da 6 da rabi, ki sami rabin awa na romo da yanka. Amma tunda wannan ne karonki na farko da za ki yi wa taro, kuma ba ki gama sanin halin tukunyarki ba, shawarar da na fi ba ki ita ce ki dafa naman ranar Asabar, wato ki gabatar da narkarwa da sa gishiri da kwana ɗaya. Ki raba shi da kayan lambu, ki sa shi cikin romonsa a kwano marar zurfi don ya huce da wuri, ki sa a firji kafin awa biyu ta cika da saukewa. Da safe za ki tarar man ya daskare a sama ya yi fari, ki ɗauke shi da cokali kamar ɓawo, a ƙarƙashinsa kuma romon ya kama yana rawa idan an girgiza kwanon, wanda shi ne shaidar cewa jijiyar ta narke yadda ake so. Nama mai sanyi yana yankuwa sumul ba ragargajewa, kuma kwanan da ya yi a romo yana ƙara masa daɗi. Da yamma sai ki jera yankan a tukunya mai faɗi, ki zuba romon, ki ɗumama a murhu ko a oben har cikinsa ya kai digiri 74, yana tururi sosai. Kada ki ɗumama abinci mai sanyi a tukunyar lantarkin kanta, saurinta bai kai ba, amma bayan ya yi zafi kina iya mayar da shi ciki a kan ɗumi har baƙi su hallara. Idan kin bi wannan hanya, dankali ya fi kyau a dafa shi sabo ranar Lahadi, domin wanda ya kwana a firji jikinsa yakan canza.

Saura abu biyu na kiyaye lafiya. Idan wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar dahuwa kina gida, ki juye komai cikin tukunyar murhu nan take ki ƙarasa a ƙaramar wuta da murfi a rufe. Idan kuwa ba kya nan, kika dawo kika tarar tukunya ta huce kuma ba ki san tsawon lokacin da ta yi a kashe ba, to a zubar, ko da naman ya yi kama da dafaffe, domin wasu ƙwayoyin cutar suna barin dafin da sake tafasawa ba ya kashewa. Na biyu, tunda akwai sauran kwanaki kafin Lahadi, ki gwada tukunyar: ki zuba ruwa zuwa rabinta ko kashi biyu cikin uku, ki rufe, ki kunna ƙaramin zafi awa takwas, sannan ki buɗe ki auna nan take. Ya kamata ruwan ya kai digiri 85. Idan ya gaza haka da yawa, tukunyar ba ta da ƙarfin dafa babban dunƙule cikin aminci. Idan kuma ya haura sosai har yana tafasa, taki mai gaggawa ce, sai ki fara gwajin cokali tun daga awa bakwai.